Ruwan da Ya Haukata Motar Shamsu

In ka taɓa shiga motar haya daga Gazawa zuwa Agiye, da wuya a ce ba ka san Shamsu ba. Shi ne dogon nan siriri mai tsinken sakace a baki, wanda ke cusa mutum biyu a kujerar gaba, in sun yi ƙorafi ya ce ai duk 'yan uwa ne. Kakanninsa makiyaya ne da suka sauko daga arewa, suka gaji da yawo suka kama noma. Shi kuwa bai gaji sanda ba, bai gaji hauya ba. Tun yana lakol, makarantar boko, da ya ji ƙugin mota sai ya bar malam da allonsa ya yi bakin hanya, har malamin ya gaji ya ce ya je ya bi ta.

Ya kuwa bi ta. Ya yi aparanti, wato yaron mota, har gwiwoyinsa suka yi kanta, ya sami permin tuƙi, ya ja wata tsohuwar mota wadda rabinta ƙarfe rabinta igiyar roba. Duk abin da ya same ta, da waya da haƙori yake gyara ta. Da ita ya yi aure, da ita ya rufa wa gida asiri, da ita kuma ya sami layi a tasha. Wanda bai san tasha ba ba zai gane ba, amma layi shi ne abincin direba. In an cire sunanka, sai dai ka koma bakin hanya kana roƙon fasinja ɗai-ɗai, yara na yi maka dariya.

Da furfura ta fara leƙo masa, sai ya sayar da tsohuwar ya haɗa da kuɗin adashensa ya sayo wata mai kyau, irin wadda gilashinta ke hawa da kansa, ƙofofinta su kulle da danna makulli. Kai, Shamsu ya yi fankama. Ko gaisuwa sai ya sauke gilashi ya ɗaga sannan ya amsa.

Ba a daɗe ba mota ta fara halinta. Ana tsakiyar bazara, ko gajimare babu, sai abin share gilashi ya tashi yana kai da kawo kamar mai yi wa mutane ban kwana. Fitilu su kunna kansu da rana tsaka. Wata rana a gaban shingen jandarma oda ta ɗauki kuka ta ƙi yin shiru, Shamsu ya ɗaga hannuwa biyu sama yana rantsuwa ba shi ba ne. Mafi muni shi ne ranar kasuwar Agiye, da ƙofofi suka kulle da fasinja a ciki, har da rago da wata tsohuwa mai buhun daddawa. Ta taga aka zaro su, ragon ne kawai bai yi zagi ba.

Audu, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya kira shi gefe. Mutum ne mai ƙaton ciki da gajeren haƙuri. Ya ce, "Shamsu, mun daɗe tare, shi ya sa ban yi maka a gaban mutane ba. Fasinja sun ce motarka da mutanen ɓoye. Ko da su ko babu su, ta sake yi sau ɗaya, ka fita layi."

Hankalin Shamsu ya tashi ƙwarai. Ya tafi Agiye wurin Zaharaddini mai gyaran wutar mota, wanda ba ya son a yi masa magana yana aiki, shi kuma ba ya yin shiru. Ya gwada batir, lafiya lau. Ya bi wayoyi yana ja yana sunsuna, ya duba inda aka ɗaure su da jikin ƙarfe, babu abin da ya kwance. Sannan ya jona 'yar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura mata ido, ya yi tsaki.

"Malam Shamsu, aljanin naka ga shi nan," in ji shi. Ya ɓalle roba daga gefen ƙafar direba ya zaro wani baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba. "Mota irin wagga ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Babbar na kula da inji. Wagga ƙaramar ita ke ba fitila da oda da ƙofa umarni. Dubi bakinta, duk ya yi tsanwa. Ruwa ta sha."

Shamsu ya ce ko wanki ba ya bari a yi mata ta ciki. Zaharaddini ya ce duk direba haka yake faɗi. Aka aika Maraɗi aka nemo wata mai lamba iri ɗaya, ya ɗaura, ya zauna da na'urarsa yana koya mata makullin motar, don in ba ta san shi ba ko tashi ba za ta yi ba. Mota ta dawo hayyacinta. Shamsu ya koma sauke gilashi yana ɗagawa.

Ko wata ba a yi ba, da safe yana fitowa daga gida, oda ta yi wani ɗan tari. Abin share gilashi ya ɗaga kai sau guda ya kwanta. Bai ko bi ta tasha ba, ya miƙe Agiye babu fasinja, yana tuƙi yana lallashinta.

Wannan karon da Zaharaddini ya zaro akwatin sai ya juya shi a hannu. Ya dangwala yatsa a jiƙar, ya murza, ya kai hanci, ya ɗan lasa. Ruwan baƙi-baƙi ne, yana da danƙo.

"Wanga ba ruwan sama ba ne, ba kuma na wanki ba. Tawada ce da ƙaro. Rubutu ake zuba wa motarka, Malam Shamsu. Ni dai na iya wutar mota, amma wanga sai ka koma gida."

Shamsu ya saba in zai tafi masallaci da asuba ya bar ƙofar motar a buɗe, don warin awaki da daddawa ya fita. Washegari ya yi sallarsa ya dawo da wuri, ya laɓe a zaure. Sai ga mahaifiyarsa, Inna Rabi'atu, ta fito tana dogara sanda, da ƙoƙo a hannu. Ta sunkuya da ƙyar, ta yi bismilla, ta tuttule ƙoƙon nan kaf daidai inda ƙafarsa ke zama, har tana watsa sauran sama don ya ratsa ko'ina.

Ga inda wuyar take. Shamsu ɗan fari ne, kuma Inna Rabi'atu 'yar gidan kunya ce ta asali. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa ko ruwa hannu da hannu ba, ba ta kallon idonsa. In tana da magana da shi, da wata jar akuya da ke ɗaure a tsakar gida take yi, shi kuma ya tsinta. Mutum da furfurarsa, amma duk saƙon uwarsa ta bakin akuya yake zuwa.

Ya fito ya durƙusa nesa kaɗan. "Inna, ina kwana."

Ta juya wa akuya. "Ke, wasu ba su daɗe a masallaci ba yau."

"Inna, ruwan nan shi ke lalata motar. Shi ke sa ta kuka da kulle mutane."

"Ji wata magana," ta ce wa akuya. "Da ƙoƙo rabi nike zubawa. Da na ji an ce aljanu sun shige ta na maida shi cike. Ba don shi ba ai da sun tashi da ita sama."

Dariya ta zo masa, tsoro ya danne ta. In ya yi shiru, gobe ko jibi ya fita layi. In ya ce ta daina, ya hana ta abu guda da take iya yi masa a duniya. Ya rasa ta inda zai ɓullo, ya ce, "Audu ya ce in ta sake yi zai cire ni daga tasha, Inna."

Tsohuwar ta aje ƙoƙon. Tana ta shafa wuyan akuya. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ki tambaye shi, ni ina ruwana da ƙarfe? Tun ran da aka ce mota ta kife a hanyar Tasawa, in ya fita ba ni iya haɗiye fura sai na ji ƙuginsa a ƙofar gida. Na ga nan yake aje ƙafa, shi ya sa."

Shamsu ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin ta faɗi abin da ya kai wannan ba, ko ta bakin akuya. Sai shi ma ya juya wa akuyar. "Ki ce mata mai ƙafar yana da baki. A riƙa aje masa bisa turmi."

"Ni ban san wani ba," in ji Inna Rabi'atu. "Ƙoƙona dai in na ga dama in aje shi bisa turmi, wa zai hana ni?"

Zaharaddini ya wanke bakin akwatin ya shanya, ya ce saura ƙiris da an sake aikawa Maraɗi, ya mayar ya naɗe shi da leda. Ran kasuwa Audu ya zagaya motar yana jan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kunne ko oda za ta yi tari, ba ta yi ba. Ya dubi Shamsu ya ce, "Mi ya sami leɓenka ya yi baƙi?" Shamsu ya ce magani ne. Audu ya ɗaga kafaɗa ya ce a yi masa lodi.

Har yau yana layinsa. Kullum in ya dawo masallaci ƙoƙon na bisa turmi, tsohuwa ta ba shi baya tana ba akuya dusa. Safiyar farko ya sha rabi ya ajiye, don rubutun akwai ɗaci. Ba ta waiwayo ba, amma ta ji.

"Ki ce ya shanye," ta ce wa akuya. "Motar ba ta taɓa rage min ba."

Ya ɗauka ya shanye, hawaye na zuba cikin ƙoƙon, ya goge baki da hannun riga ya tafi tasha.