Ranar da Kaka Ta Hau Babur

Lokacin da Yawuri take cikin Jihar Sakkwato, gidanmu a Yelwa yake, kusa da bakin ruwa. Bayan sallar Magariba sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta zauna gaban wutar bandar kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Baba kuwa yana zaure da babur ɗinsa, wani ƙato baƙi mai silinda biyu, wanda in ya faɗi sai maza biyu suke iya tayar da shi. Yau ya juye baƙin mai, gobe ya wanke sarƙa da kananzir ya shafa mata giris, jibi ya kwance kafireta ya hura ta.

Kaka ta iya tatsuniya, amma akwai wadda muka fi roƙonta. Sai ta gyara itace ta ce ga ta nan mu riƙe, kada ta faɗa wuta. Mu ce ta zo mu ji ta.

Wai an yi wata tsohuwa ungozoma a Wara, ɗanta ya sayi babur. Ta rantse ba za ta taɓa hawa ba, kullum tana yi masa faɗa cewa ya fi kula da ƙarfe fiye da cikinsa. Ran nan da damina sai ga shi daga Yelwa a jiƙe sharkaf. Matarsa tana naƙuda tun safe, abin ya zo da gardama, kuma ba sunan da take kira sai na tsohuwar. Iska ta hana kwalekwale fita, mota kuma sai ran kasuwa. Tsohuwa ta manta da rantsuwa. Ta haye, ta damƙe rigarsa, ta runtse ido tana salati.

Suna cikin tafiya suka tarar da rafi ya cika ya haye hanya. A tsakiyar ruwan babur ya yi tari ya mutu. Ta tattare zane, su biyu suka tura shi har tudu. Ɗan bai ruɗe ba. Ya ciro sifana, ya kwance fulogi duka biyu, sai dai ba wani abu busasshe a jikinsa. Tsohuwa ta warware ɗankwalinta da ke ƙarƙashin mayafi ta miƙa masa. Ya goge su tas, ya sassauta ƙusar ƙasan kafireta ruwa ya tsiyaye, ya mayar da komai, sannan ya taka da ƙarfinsa.

A nan Kaka takan kumbura kumatu ta kwaikwayi rurin injin, mu yi ta birgima don dariya. Baba ya ɗaga murya daga zaure ya ce ai daga nan Kaka ce da kanta ta riƙa ce masa ya ƙara wuta.

"Ƙarhen ga ya san hannun mai shi," in ji Kaka. "Kahin rana ta hwaɗi, ɗiya ta iso duniya lahiya lau. Ga ta nan zaune tana cinye mani kihi." Sai ta dungure mini kai, don ni ce jaririyar.

Da muna yara, jarumtar Kaka kawai muke gani a labarin. Sai da na yi aure na haihu na fahimci rabon Baba a ciki. Mutum ne marar yawan magana, ban taɓa jin ya ce yana son wani ba. Amma abin da ya san iyalinsa za su nema ranar wuya, tun ranar daɗi yake kula da shi. Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, babur ɗin yana hannun ƙanena. Duk da haka in ya ji an tayar da shi a ƙofar gida, sai ya karkata kunne, ya aika a ce wa yaron nan baƙin mai ya isa canji.