Gaiwar Da Ke Cikin Bangon Rumbu

Kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya, kuma ina jin Iya ce sanadi, ko da yake ta daɗe da rasuwa. Kakata ce ta wajen uba. Lokacin sanyi, da an yi isha'i, takan hura wutar kara a gidanmu na Dakoro, ta tura gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Bayan gidan kwarin gulbi ne, in dai za a kira shi gulbi: rairayi ne zalla, da goriba da kaba da manyan gawo, ruwa ba ya bin sa sai shekarar da ya ga dama.

"Angona, zamna mana, ko cinnaku ke gare ka a wando?" haka takan ce mini. "Ta yau ba gatana ba ce. Kada wanda ya ce ta zo mu ji ta, ta riga ta zo."

Labarin kakanta ne, Nomau, tun kafin zuwan Nasara. Yaƙi ya koro shi daga kudu, ba abin da ya tsira da shi sai matarsa da damman gero na iri. Ya sauka a wannan kwarin da rani, ya ga inuwa, ya ga laka mai kyau a wani busasshen gurbi. Nan ya haƙa, nan ya gina rumbun ƙasa don ya adana irin. Yana cikin haƙa ya riƙa cin karo da wasu curarrun abubuwa, a naɗe kamar cikin busasshen ganye. Bai kula ba, ya cuɗa lakar ginin da su.

Wata Bafulatana mai tallar nono ta tsaya ta ɗaga ɗaya. "Baƙo, gaiwa ce wagga, kifi ne. Barci take yi, jira take. Inda ka ishe ta, ruwa bai yi sallama da wurin ba. Kai rumbunka tudu."

"Kifi cikin rairayi?" in ji Nomau. "Tahi ki saida nononki."

Shamuwa ta dawo, hadari ya haɗu. Ruwan farko ya jiƙa rumbun, sai matar Nomau ta ga bango yana motsi. Wutsiya ta leƙo, laka ta faɗo, gaiwa ta biyo ta. Matar ba ta jira kowa ba, ta kwashi abin da za ta iya ɗauka na irin ta haye jigawa. Kafin la'asar gulbi ya iso ya tafi da sauran.

"Abin da ta ɗauka a ka shi muke ci har yau," in ji Iya, tana ɓare gujiya. Ba ta rufe da ƙurunƙus ba.

Da na je jami'a na karanta cewa gaiwa takan daɗe a busasshiyar laka da ranta. Batun bangon ne ban tabbata ba. Wataƙila Iya ta ƙara gishiri.

To, bara na sami fili a gefen gari, can ƙasa wajen goribobi. Kowa ya ce tun yana yaro bai ga ruwa a nan ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ce. Shekaranjiya magini yana haƙar tushe ya cillo wani curi. Na ɗauka, ina jujjuya shi a hankali.

"Malam, ƙasa ce fa," in ji shi, yana dariya. "Karatu ya sa maka tsoron hoge?"

Na kai shi gida, na sa a kwano, na zuba ruwa. Na zauna, na tashi, na sake zama. Ina yaro na ɗauka labarin na wautar Nomau ne. Yanzu na gane ba wawa ba ne, mutum ne da ya gaji da gudu, yana son wurin ya zama nasa. Ni ma haka nake so.

Da hantsi ruwan kwanon ya motsa. Na aika wa magini ya dakata.