Hannun da Ya Taya Jikana Ɗaga Babur

Ku matso kusa, manya da yara, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, da idona na ga farkonsa, da hannuna na yi jinyar ƙarshensa. Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har fuskokin ƙawayena na ƙuruciya sun soma ɓace mini, amma ranar da aka zaɓa wa jikana babur, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

A lokacin muna wani ƙauye a gindin duwatsu, tsakanin Roni da Kazaure. Shekarun nan ne da babban fari ya wuce, arzikin man fetur ya soma shigowa, duk wanda ya je birni ya dawo sai ka gan shi da rediyo a kafaɗa da agogo a hannu. Jikan nawa maraya ne. Ubansa, babban ɗana, ya rasu tun yaron yana goye, uwarsa ta sake aure can wajen Gwiwa, ni na yaye shi, ni na raine shi. Gashin baki ya fara yi masa tsiro ke nan, dogo ne siriri kamar karan dawa. Ina ce masa Maigida, yana ce mini Uwargida, irin wasan jika da kaka.

Baffansa, ɗana na biyu, sana'ar fatu yake yi. Yakan bi rugage da mahautan ƙauyuka ya saya, ya kai Kazaure. Jakinsa ya mutu a farin nan, shi kuma gwiwa ta fara damunsa, sai zagayen ya koma wuyan yaron. Da keke yake zuwa, rabin hanya a kansa, rabin hanya yana tura shi cikin yashi. Hanyar ba titi ba ce, turbar shanu ce, ta hau dutse ta gangara kwari, mutum yakan yi tafiya mai nisa bai gamu da wanda zai yi wa sallama ba. Shi ya sa baffan ya ce zai saya masa babur irin na jeji.

Wani dillali daga Babura, mai hulɗa da mutanen Nijar, shi ya kawo babur biyu har ƙofar gidanmu, shi da ɗan'uwansa. Duka biyun tayoyinsu masu haƙora ne, irin masu cin yashi. Ɗaya ja ne, sabo fil, dogo, sirdinsa ya kai ƙugun babban mutum. Ɗayan shuɗi ne, gajere, an ɗan hau shi, fentin tankinsa ya koɗe. Kafin a kashe su, garin kaf ya taru.

Yaron bai ko dubi shuɗin ba. Ya haye jan nan, ya leƙo ta ƙofar zaure yana ƙwala mini kira.

"Uwargida! Fito ki ga angonki! A kan wannan zan kai ki kasuwar Kazaure, kowa ya san kin yi dacen miji."

Na leƙa na ce, "Maigida, wane irin ango ne ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa? Da 'yan yatsu kake tsaye kamar zakara zai yi cara."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni kuwa dariyar ba ta kai mini ciki ba. Na aika aka kira mini baffan cikin zaure.

Na ba shi labarin yadda uwata ta saya mini tulu ina yarinya. Ba ta duba ado ba, ba ta duba girma ba. Ta sa aka cika shi da ruwa, ta koma gefe ta naɗe hannu, ta ce in ɗora da kaina, in sauke da kaina, don akwai ranar da zan je rijiya in tarar ba kowa. Wanda na so ya fi ƙarfina, da ƙaramin muka koma gida ina kuka. Na ce masa, "Haka za a yi wa yaron nan. A kwantar da kowanne a ƙasa. Wanda ya tayar shi kaɗai, shi ne nasa."

Ya ce, "Inna, babur fa ba tulu ba ne."

Na ce, "Na sani. Tulu in ya faɗi, tulun ne ke fashewa. Wannan in ya faɗi, yaron ne."

Ya ce to.

Na koma bayan zana na sa ido a wata kafa. Aka kwantar da shuɗin, yaron ya sunkuya ya tayar da shi kamar wasa. Aka kwantar da jan a kan yashi, dillalin yana ta cewa a yi a hankali da fenti. Nan mutane suka matso suka rufe, ban ƙara ganin komai ba sai bayan riguna. Amma ina jin nishinsa. Ina jin yara suna cewa, "Ya ƙi! Ya ƙi!" 'Yan mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya da tuluna a ka suna ƙyalƙyala dariya. Abin ya ɗan jima. Can sai na ga kan babur ɗin ya taso a tsakiyar taro, aka ɗauki sowa. Yaron ya shigo da gudu, gumi sharkaf, ya ce, "Uwargida, kin gani? Mijinki ba rago ba ne!" Na ce Alhamdu lillahi, Allah ya tsare. Sharaɗi na kafa, an cika, ba ni da sauran magana. Aka sayi jan.

Rani ya zo ya wuce lafiya. Yaron ya iya tuƙi, ba shi da ganganci, duk inda ya je sai ya taho mini da goro ko man shanu. Tun daga nesa nakan gane ƙarar babur ɗinsa cikin ta kowa. Har na soma jin kunyar tsoron da na yi.

Sai damina ta kankama. Wata rana ya fita da hantsi zuwa rugage. Garinmu ko ɗigo ba a yi ba, amma da azahar mun ga hadari ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu, ya zuba can. Da la'asar ina sussuka, sai ga wata 'yar Fulani ta faɗo gidan ba sallama, tana haki, zanenta jiƙe da laka. Ta ce, "Nan ne gidan mai jan babur?" Taɓaryar ta suɓuce daga hannuna.

Ga abin da ya faru. Ya ɗauro fatu a baya, ya gangara kwarin nan da yake ƙetarewa kullum, tayar gaba ta nutse cikin yashi, babur ya kwanta a kan ƙafarsa ta hagu, salansa, bututun hayaƙin nan, da zafinta ta manne a ƙwaurinsa. Ya tura, ya ƙi. Ya yi ihu, duwatsu suka maido masa da muryarsa. Yana nan kwance ruwan da aka yi a tudu ya soma gangarowa, da fari siriri, daga baya ja wur da kumfa da karare. Ya dogara da gwiwar hannu yana ɗaga kai. Ruwa ya kai masa ƙirji lokacin da waɗansu matan Fulani masu dawowa daga tallan nono suka ji shi. Suka yar da ƙorai, suka faɗa ruwan, suka haɗa ƙarfi suka ɗaga, suka janye shi zuwa gaɓa.

A amalanke aka kawo shi. Ƙashi ya karye, ƙunar ta ci nama har ciki. Maɗorin garinmu ya duba ya ce ba zai ɗaure kara a kan wannan ƙuna ba, a tafi asibiti. Muka tafi Kazaure, ni da baffan. A can zazzaɓi ya rufe shi, ya daina ce mini Uwargida. Abu ɗaya yake ta maimaitawa, idonsa a rufe: "Kaka, ai na ɗaga shi ranar nan. Kowa ya gani. Me ya sa yau ya ƙi?"

Wata safiya na fito alwala, na tarar da baffan tsugune a gindin dalbejiya, ya rufe fuska da hula. Mutum mai furfura a gemu, yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Inna, ba shi ya ɗaga ba. Ni ne. Ina tsaye a baya, na zura hannu ta ƙarƙashin riga na kama kariya, ƙarfen ɗaura kaya, na ɗaga. Na ga 'yan matan nan suna yi masa dariya, ga shi maraya, ɗan yayana. Ban san lokacin da hannun ya tafi ba."

Na yarda da shi. A wajenmu ba a tsayawa kallon mutum yana kokawa da kaya. Tun muna yara, wanda ya wuce mai ɗorin kaya bai taya ba, duka yake sha. Hannu yakan riga tunani isa. Tarbiyyar da na yi masa ke nan, ita ya bi.

Na ce, "Shi ya sani?"

Ya ce, "Bai sani ba."

Na ce, "To tashi ka faɗa masa. Kada ya ƙare rayuwarsa yana zaton ƙarfinsa ne ya ci amanarsa."

Ya shiga ya durƙusa a gefen gado ya faɗa. Yaron ya daɗe yana kallon rufi, hawaye na gangara masa cikin kunne. Daga nan ya ce a hankali, "Baffa, da ka bari sun yi mini dariyar." Bai sake tayar da zancen ba har abada.

Ƙafar ba a yanke ta ba, amma ta gajarce, ba ta lanƙwasuwa sosai. Jan babur ɗin an tono shi daga laka, dillalin ya zo ya karɓa, ban tambayi inda ya kai shi ba. Matan Fulanin nan sun zama 'yan'uwa, ba su ƙara shigowa garinmu suka fita da yunwa ba, har suka yi ƙaura zuwa kudu. Baffan ya bar fatu ya koma noma, ya riƙe yaron kamar ransa, kuma da ajalinsa ya zo, a kan cinyar yaron ya cika, Allah ya jiƙansa.

Jikana kuwa ya koyi gyaran babur, ya buɗe rumfa a Kazaure, ya yi aure, 'ya'yansa ma sun girma. Har yau duk uban da ya kawo ɗansa a duba masa babur, sai ya ɗingisa ya fito, ya sa a kwantar da babur ɗin a ƙasa, ya ɗauki sandarsa ya zana da'ira a kewaye, ya ce kowa ya fita sai yaron da zai tayar da shi, uban kuma ya mai da hannuwansa baya. Waɗansu sukan ji haushi. Shi ba ya yi musu bayani, sai dai ya ɗage ƙafar wando.

Ni kuma Allah ya bar ni har na ga wannan duka, jikana ya sake ce mini Uwargida, na sake ce masa Maigida. Abin da na koya shi ne, taimako ma yana da lokaci. Akwai ranar da ƙaunar yaro ita ce ka naɗe hannunka ka bar shi ya kasa a ƙofar gida, ana dariya, kana tsaye kusa, don kwarin da zai je gobe babu kai a cikinsa.