Neman Jatau a Bayan Dutsen Wai

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Tudun Wadan Zariya, ni da Inna da wani maƙwabcinmu tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da kunne ɗaya mai aiki. Tun ba mu tsallaka kogin Kubanni ba Inna ta fara yi mini faɗa, wai ina tafiya kamar mai tausayin ƙasa, alhali ni ke ɗauke da tabarma da buta da ƙullin dakuwarta.

Bari ku ji abin da ya fitar da tsohuwa daga ɗaki. Ina jariri, matar Baturen auduga da Baba ke yi wa kuku ta rasu ta bar jinjiri, sai Inna ta haɗa mu ta shayar. Ita ta sa masa Jatau. A tsakar gidanmu ya yi wayo, Hausa a bakinsa kamar kowane Bazazzagi, kafin a kai shi Ingila. Da yaƙin Hitila ya ɓarke sai ga shi ya dawo matuƙin jirgin sama, cikin masu kawo jirage Kano su wuce gabas. Sau ɗaya ya zo gaishe ta, ya cinye tuwon da aka ajiye mini, ya tafi yana dariya. Daga nan aka ce jirginsa ya tashi bai sauka ba. Ubansa ya riga ya rasu, a ofishin da nake aiki kuwa duk wanda na tambaya sai ya ce ba labari. Inna ba ta taɓa yaudarar kanta cewa yana raye ba. Abu ɗaya ke cin ta: an rufe shi da ƙasa, ko kuraye ne suka same shi? Da sojan nan ya jiyo a bakin wasu fatake cewa jirgi ya taɓa faɗuwa a wani ƙauye bayan Dutsen Wai, ta ce ko da rarrafe sai ta je.

Ƙaramin jirgin ƙasan Jos muka shiga. Wanda bai taɓa hawansa ba bai san haƙuri ba. In ya zo hawa sai ya yi ta nishi, samari su sauka su miƙe ƙafa su sake hawa, ba wanda ya yi gudu. A Soba muka sayi furar taro, wato ta kwabo uku, mai nonon ta ƙara mana gyara saboda Inna ta yabi kitsonta. Rake kuwa kamar kyauta. Sojan ya yi ta ba mutanen tarago labarin daji da Japan da ƙarfin murya, don shi ba ya jin kansa, har wani mai kaji ya roƙe shi ya bar yaƙin ya huta.

Mun kwana a Dutsen Wai wurin wani mai awon gyaɗa. Da safe muka yi hayar jaki don Inna, muka ratsa gonaki. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina mutane na girbi suna yi mana sannu. Ni kuwa na caɓa ado da kakin ofis, gajeren wando, safa har gwiwa, alƙalami a aljihu. Sojan ma ya maƙala lambarsa. Wai don a ga girmanmu.

An kuwa gani. Muna shiga ƙauyen yara suka watse, mata suka shige da awaki. Dagaci ya tarbe mu, ya rantse ko tsuntsu bai taɓa faɗuwa a ƙasarsa ba. Yana wannan rantsuwa ne a bakin zauren da ƙyaurensa wani farin ƙarfe ne mai jerin ƙusoshi, da rabin zanen da'ira ja da shuɗi irin na jikin jirgin yaƙi. Ruwan da aka kawo mana ma a moɗar irin ƙarfen yake. Na ciji leɓe don kar dariya ta kuɓuce mini, amma raina ya ɓaci, don na ga za mu koma yadda muka zo.

Inna ta sauka daga jaki. Ta shige cikin gida, ta karɓi taɓarya hannun wata yarinya. Muna zaune muka ji daka ya tsaya, sai salati. Ashe ta gaya wa matan ɗan da ta shayar take nema. Can ta leƙo, ido jawur, tana murmushi.

"Kai, je ka cire wannan wandon na marasa kunya ka sa riga. Ka tsorata mutanen kirki."

Aron riga aka ba ni, sannan bakin dagaci ya buɗe. Ya ce, "Malam, ka yi mana aikin gafara. Iyayenmu sun ga abin da ake yi wa garin da Bature ya mutu a cikinsa. Wa zai yarda ba mu muka kashe shi ba?"

Wata tsohuwa, uwar maɗorin garin, ita ta ba da sauran labarin. Da rai suka ciro matuƙin daga jirgin, ƙafa a karye, ƙirji a buge. Ya buɗe ido ya ce musu sannunku da aiki, rabin mutanen suka arce, wai aljani ne. Ya yi kusan mako a ɗakinta kafin ya cika. Ya sha kununta ya ce tsamiya ta yi kaɗan, na Innarsa ya fi. Suka tambaye shi ina Innar take, ya ce Tudun Wadan Zariya, sunansa kuma Jatau. Suka ce zafin zazzaɓi ne. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba, ta ce, "Shi ne. Tun yana yaro bakinsa ba ya raina abin faɗa."

Suka kai mu gindin wata ɗorawa. Sun naɗe shi a sabon farin saƙi, sun haƙa rami mai zurfi, sun jibga duwatsu saboda kura. Liman ya ce musu a lokacin, baƙo ne ya mutu a hannunsu, su rufe shi, sauran tsakaninsa da Mahaliccinsa. Inna ta dafa duwatsun ta daɗe, ta ce alhamdulillahi. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Dagaci ya ce shekara da shekaru suna riƙe da gaisuwar mutuwa ba su da wanda za su yi wa. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma, gari ya yi layi, maza da mata, kowa na cewa ya haƙuri. Da aka gama aka yanka ɗan akuya, aka tuƙa tuwon sabuwar dawa da miyar kuka. Inna ta shiga madafa da kanta ta nuna musu yawan tsamiyar da kunu ke so. Da za mu tafi suka cika mana jaki da gyaɗa da zuma, har sai da Inna ta koma tafiya a ƙasa, kuma ta riga mu isa tasha.

Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da kaki da alƙalami suka kasa fitarwa, uwa ta fitar da shi da taɓarya a hannu, kuma tsoro kan rufe bakin mutane ba tare da ya taɓa kirkinsu ba. Muna isa Tudun Wada Inna ta sa aka share ƙofar gida, aka baza tabarmi, aka soya waina don sadaka. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya tambaye ni wa aka rasa. Na ce masa ƙanena ne, ya daɗe da rasuwa, yanzu muka samo kabarinsa.