Gwangwanayen Shu'ibu

Shu'ibu manomin shinkafa ne a wani ƙauye na fadamar Auyo. Tun yana saurayi hannunsa ba ya zama haka kawai. Tsohuwar taya yakan mayar da ita guga, karyayyen keke kuma ya fitar da amalanke daga jikinsa. Mutanen ƙauyen sukan yi masa kallon mai wasan yara.

Da shekaru suka ja, gwiwoyinsa suka gaza, kuma babu kowa a gidan sai shi da matarsa Hajo. Duk manomin fadama ya san cewa idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta tana da taushi, tsuntsayen jan-baki sukan sauko mata kamar hadari. Dole mai gona ya tsaya daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana ihu, yana jifa da majajjawa. Shu'ibu ba shi da ƙafar wannan tsayuwa, shinkafar kuwa ita ce abincinsu na shekara.

Sai ya ɗauki ƙafar keke ya ɗaɗɗaura mata guntayen kwano, ya kafa ta a magudanar da ke shayar da gonakin. Ruwa yana juya ta, ita kuma tana fizgar wata igiya da ta ratsa gonar, wadda ya rataya wa gwangwanaye masu tsakuwa. Aka yi kwana huɗu tsuntsu bai sauka a gonarsa ba.

A rana ta biyar maƙwabcinsa na gona, Abdulmannan, ya kai ƙararsa wurin Bulama, mai garinsu.

"Ranka ya daɗe," in ji Abdulmannan, "tsuntsun nan Allah ya aiko mana shi ne mu duka. Injiniyan gwangwani ya tattara rabonsa ya turo mana."

Shu'ibu ya ce, "Haba Abdulmannan! Kawo igiya da gwangwani, kafin la'asar zan haɗa maka naka."

"In kowa ya kafa, ina tsuntsun zai nufa? Ko tuwo Hajo za ta riƙa tuƙa masa?"

Jama'a suka tuntsire da dariya. Bulama ya bari suka lafa, sannan ya ce, "Malam Shu'ibu, ba mu gaji wannan ba. Ruwan magudanar na kowa ne. Ka cire abin nan, kowa ya kori tsuntsunsa da bakinsa, a zauna lafiya."

Shu'ibu ya koma gonarsa. Da hannunsa ya tumɓuke ƙafar keken, ya naɗe igiyar. Mako uku yana zaune a kan tudun gona yana ihu har muryarsa ta dishe, Hajo kuma tana kewaya gonar tana kaɗa gyale. Tsuntsaye suka gane cewa mai ihun ba ya tashi daga inda yake, suka daina kula shi. Gonar da ta saba ba da buhu goma sha biyu, uku kacal ta bayar.

Kafin wata biyar rumbu ya zama fayau. Hajo ta shiga turara wa mutane shinkafa, ana sallamarta da tiya ɗaya ko biyu.

Kwanan baya da na je ƙauyen, na iske shi a ƙofar gidansa, na tambaye shi ko zai sake gwada dabarar tasa bana, ko da a ƙarshen magudanar ne, inda babu maƙwabci. Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce:

"Malam, bana ban shuka ba. Irin ma mun cinye shi."