Injin Wankin Jinin Kawu Ishaya

Duk wanda ya san Kawu Ishaya, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya sakin hannun mutum wurin gaisuwa sai ya danne masa jijiya da babban yatsa. "Tsaya in ji ko famfonka na aiki." Har Fasto bai tsira ba!

Makanikin injin ban-ruwa ne a Malumfashi. Tun da ciwon ƙoda ya ɗauke matarsa, Inna Rahila, bayan ta sha wahalar zaryar wankin ƙoda a Zariya, ya rantse sai ya ƙera injin da zai tace dattin jini, ya kuma ba shi iska kamar huhu.

Muka ce, "Haba Kawu, kai likita ne?"

"Jini ruwa ne, jijiya tiyo ce. Me ya rage?"

Gwajin farko da zoɓo ya yi shi. Ya haɗa famfon wanke gilashin mota da robar ƙarin ruwa da tsumman tatar koko. Zoɓo ya shiga ta nan ya fito ta can ya zuba a kwano. Kafin ya ɗauko tabarau, maƙwabcinsa Malam Sule ya ɗaga kwanon ya shanye.

"Sule! Ka shanye mini majinyaci!"

"Wallahi ya warke, Ishaya. Sukari ne kawai bai ji ba."

Bai daddara ba, ya je mahauta ya roƙo jinin akuya. Jini ya daskare a tiyo, famfo ya yi tari, sai fesh a fuskokinmu! Kawu ya share gemu ya ce, "Akuyar ce mai taurin kai. Ai daga ganin jininta ka sani."

Wani likita ɗan cocinmu ya ja shi gefe: "Baba, don Allah kada ka gwada shi a jikin mutum." Ya ce ya ji. Duk da haka, in Kawu ya ce "zo mana", sai layinmu ya watse.

Daga nan ya zuba kifi karfasa a duron ruwa, injin na hura musu iska yana kwashe kashinsu. Ranar da aka ɗauke wuta, ya ɗaura famfon a keke, ya yi ta tuƙi a wuri ɗaya cikin rana, gumi sharkaf. Ko kifi ɗaya bai mutu ba! Da Kirsimeti na ce, "Kawu, a soya mana biyu mana."

Ya zare mini ido. "Ka taɓa ganin asibitin da ke soya majinyata?"

Da nasa ciwon ya zo, aka jona shi da injin na gaske a Zariya. Na same shi ya rame ƙwarai, amma idonsa na bin tiyo. Ya jawo hannuna ya raɗa mini, "Ɗana, leƙa mini bayansa, ka ga yadda suka haɗa shi. In mun koma gida akwai aiki."

Na leƙa masa. Gida ne bai koma ba.

Kawu, Ubangiji ya ba ka hutu kusa da Inna Rahila. Wahalar da ka so ɗauke wa mutane kuwa, Allah ya kawo mai ɗauke ta. Amin.