Takarkarin da Ya Koma Gida

Labaran soyayyar da na taso da su, waɗanda fatake ke kawowa daga Sakkwato a rubuce da ajami suna sayarwa a bakin kasuwar Filinge, duk tafiyarsu iri ɗaya ce. Saurayi ya hau doki da hantsi, mahaifiyarsa ta sa masa albarka, a layi na gaba sai ga shi a ƙofar gidan budurwa, rigarsa fes. Da wannan ilimin na shirya tafiyata ta farko, a shekarun da Nasara bai daɗe da kafa barikinsa a Kurfai ba.

Yarinyar ɗiyar wani baduku ce a Bonkuku. Na gan ta lokacin da suka zo biki garinmu, muka yi zance, ta ce in turo manyana. Ubanta ya aiko cewa zai saurare mu ranar kasuwarsu mai zuwa, don daga nan zai ɗaure fatunsa ya yi kudu, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. In na kuskure wannan rana, sai in yi rani guda ina jira. Na kuma ji ana cewa akwai ɗan wani mahauci da ya mai da ƙofar gidansu hanyarsa ta zuwa ko'ina.

Bappana, ƙanen mahaifina, shi zai yi magana a madadina. Mutum ne mai jiki, mai ciwon gwiwa, wanda gaggawa ba ta taɓa kama shi ba. Malamin unguwarmu ya duba ya ce Alhamis ce ranar fita. Alhamis ta zo, majayin da ake ɗaure kaya da shi a bayan takarkari yana wajen gyara, geron gaisuwa kuma ba a gama sussuka shi ba.

Bappa ya ce, "Ba kome. Mu fitar da ƙafa."

A wajenmu, in ranar sa'a ta zo ba ka shirya ba, sai ka yi sallama da gida, ka fita bayan gari ka sauka. Daga nan an sa ka cikin matafiya, sauran kaya su iske ka can. Sharaɗin ɗaya ne: ba ka sake taka cikin gida. In ka taka, tafiyar ta warware, sai an nemi wata rana.

Na sa rigata ta salla. Inna ta yi hawaye, ta dafa kaina, mata suka yi mana rakiya har bakin danga. Na tafi ina jin zuciyata kamar ta sauran samarin da na karanta. Muka wuce rijiya, muka isa gindin wani gawo, Bappa ya sauko daga jakinsa ya shimfiɗa buzu. Daga inda nake zaune ina jin sautin taɓaryar Inna.

Washegari aka kawo majayin. Mai gyaran ya yanke wajen da ya ruɓe ya haɗa sauran, sai ya ƙi zagaye cikin takarkarin. Aka mayar. Kafin a dawo da shi, sai ga wani gardi, dogarin Nasara, daga bariki da jar hularsa, ya tsaya ya dubi jakin Bappa, ya ce kumandan, Baturen barikin, na bukatar jakuna don ɗaukar ƙasar gini.

Bappa ya ce, "Ranka ya daɗe, matafiya ne mu."

Gardin ya waiga ya dubi garin, ya dubi tukunyar tuwon da aka aiko mana daga gida, har tana tururi. Ya ce, "Sannunku da hanya." Ya kwance jakin ya kora.

Na ce wa Bappa mu bar jakin mu kama hanya. Ya nuna mini gwiwarsa, ya juya ya ci gaba da jan tasbaha.

Abin da ya fi cin raina goro ne. Na sayi farare manya, na naɗe su cikin ganye a ƙaramin kwando, su ne za a ajiye gaban uban yarinyar. Kullum sai in buɗe in yayyafa musu ruwa, kullum in tarar sun ƙara yamushewa. Bappa kuwa duk sa'ad da na buɗe sai ya miƙo hannu, wai a rage wanda ya fara lalacewa kada ya ɓata sauran.

Taubashiyata, ɗiyar kawuna, ita ke kawo mana abinci in za ta ɗebo ruwa. Matar aure ce, ta girme ni, kuma ba ta taɓa ganina ta ƙyale ba.

Takan ce, "Maraba da baƙi. Ina gajiya? Ina mutanen Bonkuku? Ka ga yadda hanya ta rame da kai, ango."

Na ce, "Ajiye kwanon ki tafi."

"In tafi ba tsaraba? Innarka ta ce in tambaye ka ko akwai ruwa a ƙasar da kuka sauka, ko a aiko maka daga randarta."

Har samarin unguwa suka mai da gawon wajen hira. Wani ya tambaye ni ko yaren mutanen nan wurin ya yi mini wuya. Ni da na yi zaton a wannan lokaci ina tsaye ƙarƙashin goriba ina faɗa wa yarinya kalmomin da na haddace, ga ni ina korar akuyar maƙwabcinmu daga buhun gero, rigar salla ta yi baƙi a wuya.

Ranar da majayi ya dawo daidai, aka kuma sako jakin da gyambo a baya, na ce Allah ya kawo ƙarshen abin. Idan muka tashi a lokacin, za mu riski kasuwar. Muka ɗora taiki biyu na gero a kan takarkari, na ja majayin da dukan ƙarfina. Ina jin na matse shi fiye da kima ne. Ya yi wata irin girgiza, ya fizge igiyar hancinsa daga hannuna, ya watsar da taiki ɗaya, ya nufi gari a guje. Ina tsaye ina kallo ya bi ta gefen rijiya, ya kutsa ƙofar dangarmu, ya shige har turkensa.

Na ɗaga ƙafa zan bi shi, Bappa ya riƙe mini riga. Ban taɓa ganin ya yi wani abu da sauri haka ba.

Kafin azahar dattawan unguwa sun taru a gindin gawo. Maganar da ke gabansu ita ce: ƙafar takarkari tana cikin ƙafar da aka fitar, ko ba ta ciki? Wani tsoho ya ce dabba ba ta da niyya, saboda haka komawarta ba komawa ba ce. Wani ya ce ai da kaya a bayansa ya shiga, kuma kayan matafiyi matafiyi ne. Na uku ya kawo labarin raƙumin kakansa, wanda bai da alaƙa da kome, aka saurare shi har ƙarshe. Ni kuwa ina kallon inuwa tana tsawo.

Na ce, "Don Allah, ku bari mu tafi, in wani abu ya same mu a kaina."

Bappa ya ce, "Kai wa ya sa bakinka? Mata kake nema ko tsiya?"

Aka aika wa malam. Ya zo a hankali, ya sha fura, sannan ya yanke: mu mutane tafiyarmu na nan, amma takarkari da taikin da ya shiga da shi sun warware tasu, ba za su sake fita ba sai wata Alhamis. Aka yi ta jinjina kai ana yaba hukuncin.

Haka muka tashi da la'asar, Bappa a kan jaki mai gyambo wanda ba ya yarda a zauna masa sai a gefe guda, ni kuma da rabin geron a kaina da kwandon goro a hammata. Muka bi busasshen kwarin Dallol, yashi na cin ƙafa. Duk inda aka ga inuwa sai gwiwar Bappa ta motsa.

Da muka hango Bonkuku washegari da yamma, mutane muka riƙa gamuwa da su suna fitowa, da tabarmi da awakin da ba su sayar ba. Kasuwa ta watse. Wata mai nono ta ce mana in baduku muke nema kada mu wahalar da kanmu shiga gari, ya fitar da ƙafa tun hantsi, yana can kudu da gari gindin goriba yana jiran abokan tafiya.

Can muka same shi zaune a kan ɗaurin fatu. Bappa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya gabatar da geron, ya buɗe kwandon. Na kau da kai don kada in ga goron. Badukun ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya fasa da ƙyar, ya jefa ɓari a baki.

Ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Ba zan saurari wani ba kafin in dawo. Amma maganar aure a zaure ake yanke ta, ni kuwa yanzu ba ni da zaure."

Bappa ya ce wannan gaskiya ne, har da murmushinsa, kamar an ba shi kyauta.

Na tambaya cikin ladabi ko zan iya shiga gari in gaida mutanen gida. Badukun ya ce gidan da maigida ya fita ba a yi masa baƙon saurayi. Na tsaya ina duban rufin bukkokin Bonkuku, ban san ma wanne ne nasu ba.

Ruwa ya makara a shekarar, badukun ma ya makara. Ya cika alkawarinsa dai, ɗiyar tasa ita ce uwar 'ya'yana. Amma wannan ranin na yi shi ne ina tsawata wa kowa a gida, kuma ban yarda na ba takarkarin nan ko dusa da hannuna ba har aka sayar da shi.